Jita a Zongon Lome: Kwalba Ko Kwamfuta?

A aikina na rediyo, makaɗan jita kan turo mini sautinsu domin in sa wa masu sauraro. Wani makaɗi da ke wasa a bukukuwan Agoe-Zongo ya sayar da tsohuwar amfilifayarsa mai kwalba, ya sayi 'yar na'urar kwaikwayon sauti. Na saurari kiɗansa na da da na yanzu, kuma ina da ta cewa.

Hujjarsa mai ƙarfi ce. Amfilifaya irin Fender Twin Reverb ta kai kilo 29, ba kayan da za a ɗora a kan zemijan ba ne. Kwalabenta suna zafi, suna lalacewa, kuma ƙurar hunturu da danshin teku ba su raga musu. Ƙasashe kaɗan ne ke ƙera kwalaben, irin su Rasha da Sin da Sulobakiya, shi ya sa suka yi tsada a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren. Ita kuwa na'urar, tun daga POD na kamfanin Line 6 a 1998 har zuwa Kemper a 2011, lissafi take yi ta kwaikwayi muryar kwalba. Ta shiga jaka, a jona ta da lasifika, shi ke nan.

Ba na cikin masu cewa kiɗa ya mutu da zarar kwamfuta ta shigo. Mdou Moctar na Nijar ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da muryar da kwamfuta ta gyara, kuma ta wayoyin hannu waƙoƙin suka bazu a Sahel. Wannan bai hana shi zama gwanin jita da duniya ke saurare ba.

Inda nake kuka shi ne wajen zaɓin sauti. Na'urar tana zuwa da sautuka shiryayyu, mafi yawansu an tsara su ne don kiɗan rok na Amurka da Ingila. Makaɗin namu ya ɗauki ɗaya mai kauri da amsa-kuwwa, ya zauna a kai. A da, in ya taɓa tsirkiya a hankali sai ta yi laushi, in ya matsa mata sai ta yi gurnani, domin kwalba tana bin nauyin yatsa. Ana jin 'yan tsinke-tsinken nan da ya gada daga molo da gurmi. Yanzu amsa-kuwwar ta haɗiye su, kuma kalangu na shigowa jitar sai ta ɓace.

Laifin ba na na'ura ba ne. Tana da maɓallan rage kauri da amsa-kuwwa, kuma sababbin samfura suna bin yatsa sosai. Abin da ya rage shi ne makaɗi ya zauna da mai kalangu, su daidaita sautin a filin biki, ba a ɗaki da abin kunne ba.

A 1977 aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome, aka mayar da mutanensa arewacin gari. Sun bar gidaje, amma sun tafi da harshensu da kiɗansu. Makaɗan yau ma suna iya barin kwalba ba tare da sun bar salonsu ba. Shawarata ga duk wanda ya sayi wannan na'ura ita ce ya goge sautukan da ya tarar a ciki, ya gina nasa.