Isaac Watts da Waƙoƙinsa: Sauƙi Gazawa Ne ko Gwaninta?

Gabatarwa

Akwai wata tsohuwar gardama tsakanin manazarta waƙa wadda har yanzu ba a kashe bakinta ba. Gardamar ita ce, shin waƙar da aka tsara domin wani aiki na musamman, kamar ibada ko koyar da yara, tana iya hawa matsayi ɗaya da waƙar da sha'iri ya saki linzamin fasaharsa a cikinta? Wasu suna ganin da zarar an ɗora wa waƙa kaya, to ta tashi daga dokin sukuwa ta koma jakin dako. A wannan ɗan sharhi za mu duba wannan magana ta hanyar rayuwa da aikin wani mutumin Ingila mai suna Isaac Watts, wanda Turawa suke yi wa laƙabi da uban waƙoƙin coci na harshen Ingilishi. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, shi da kansa ya bayyana a gabatarwar littafinsa cewa da gangan ya rage wa waƙoƙinsa ado don kada su fi ƙarfin talaka. Ke nan muna da sha'irin da ya sa wa kansa dabaibayi kafin ya shiga fage. Abin tambaya shi ne, me ya samu da yin haka, me kuma ya rasa?

Taƙaitaccen tarihinsa

An haifi Watts ran 17 ga watan Yuli, 1674, a Southampton, wani gari na bakin teku a kudancin Ingila. Kafin haka, a 1662, an kafa dokar da ta tilasta wa limaman coci bin tsarin ibadar Cocin Ingila, wanda shi ne na hukuma. Limamai wajen 2,000 suka ƙi, aka raba su da muƙamansu, jama'a da dama kuma suka bi su suka kafa majami'un kansu. Mahaifin Watts yana cikin waɗannan masu ƙin bi, har aka ɗaure shi a kurkuku fiye da sau ɗaya saboda aƙidarsa. Sai a 1689 aka ba su izinin yin ibadarsu a sarari, amma duk da haka ba su da damar samun digiri a jami'o'in Oksfod da Kambirij.

Watts ya koyi Latin da Girkanci da Ibrananci tun yana yaro. Wani likita na garinsu ya yi tayin ɗaukar nauyin karatunsa a jami'a, amma da yake hakan yana nufin komawa Cocin Ingila, sai ya ƙi. A 1690 ya shiga makarantar masu ƙin bi ta Thomas Rowe, a 1702 kuma ya zama limamin majami'ar Mark Lane a Landan. Mutum ne mai yawan ciwo. A 1712 zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi, sai Sir Thomas Abney, wanda ya taɓa riƙe muƙamin magajin garin Landan, ya ɗauko shi gidansa don ya yi jinya. Baƙuntar nan ce ta kai shekara 36, domin a hannun iyalin Abney ya rasu ran 25 ga Nuwamba, 1748. Bai taɓa aure ba. Ban da waƙa ya rubuta littattafan ilmi, kuma littafinsa na ilmin manɗiƙi ya zama abin karatu a jami'o'in nan da shi kansa bai shiga ba.

Abin da ya tarar

Ba za a gane aikin Watts ba sai an san abin da ake rerawa kafin zuwansa. Majami'u masu bin koyarwar John Calvin sun tsaya a kan cewa ba a rera wa Ubangiji kome sai abin da ke cikin Littafi Mai Tsarki, musamman Zaburar Annabi Dauda. Saboda haka aka mai da Zabura waƙa cikin Ingilishi, wadda ta fi bazuwa kuwa ita ce ta Sternhold da Hopkins ta 1562. Masu wannan aiki sun fi tsoron kauce wa nassi a kan ɓata waƙa, don haka sukan murɗe jimla su karya mata wuya, in dai amsa-amo zai fito. Ga kuma wata matsalar: mutane da yawa ba su iya karatu ba, littattafai kuma ba su wadata ba. Sai wani jagora ya biya ɗango ɗaya, jama'a su rera shi a hankali, sa'an nan ya biya na gaba. In ma'anar jimla ta tsallaka daga wannan ɗango zuwa wancan, sai ta yanke a tsaka, a yi ta rera rabin magana.

Ba Watts ne ya fara tsara waƙar ibada wadda ba Zabura ba. Benjamin Keach, alal misali, ya riga shi shigar da irinta a majami'arsa, har abin ya raba kan mabiyansa. Amma aikin Watts ne ya zaunar da al'adar. Ana ba da labari cewa yana saurayi ya yi ƙorafin rashin daɗin abin da ake rerawa a majami'arsu, mahaifinsa ya ce masa to ya kawo abin da ya fi. A 1707 ya fitar da Hymns and Spiritual Songs mai waƙoƙi fiye da 200, a 1715 ya fitar da Divine Songs domin yara, a 1719 kuma ya fitar da tasa Zaburar. Waƙoƙin ibadar da ya bari sun haura 600.

Zubi da tsari

Mu da muka saba auna waƙa da nauyin gaɓa, doguwa ko gajera, sai mu lura cewa a irin waɗannan waƙoƙi ƙirga gaɓoɓi ake yi, tare da duba inda murya take dannawa. Yawancin waƙoƙin Watts ƙwar huɗu ne, kuma ma'auni uku kacal ya fi amfani da su. Na farko gaɓa 8, 6, 8, 6 ne a ɗangogin baiti; na biyu 8 ne a kowane ɗango; na uku kuwa 6, 6, 8, 6. Ba don bai san wasu ba ne. A littafinsa na farko, Horae Lyricae na 1706, ya yi waƙoƙi marasa amsa-amo, har ya gwada wani ma'auni na Girkawan dā a waƙarsa ta Ranar Hisabi. Ya taƙaita ne saboda muryoyin waƙa da jama'a suka haddace ba su da yawa, kuma waƙar da ba ta hau muryar da aka sani ba, a takarda za ta ƙare.

Haka nan ya yi ƙoƙarin kowane ɗango ya tsaya da ƙafarsa ta fuskar ma'ana, domin ko jagora ya yanke waƙar ɗango-ɗango, abin da aka rera ya zama magana cikakkiya. Duk wanda ya taɓa gwada rubuta waƙa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Gaɓa 6 ko 8 ɗan fili ne ƙwarai, ga amsa-amo yana jira a ƙarshe, ga shi kuma an hana ka sabi-zarce.

Jigo

Babbar hujjar Watts ita ce, karatu da rerawa ba ɗaya ba ne. A ganinsa in ana karanta Littafi, Ubangiji ne yake magana da mutane. In ana rera waƙa kuwa, mutane ne suke magana da Ubangiji, don haka dole maganar ta zama tasu. Yaya ɗan kasuwar Landan zai miƙe yana la'antar maƙiyan Dauda, ko yana alkawarin hadayar bijimai, alhali bai san maƙiyan ba, ba ya kuma yin hadayar? Shi ya sa a sunan littafin 1719 bai ce ya fassara Zabura ba, cewa ya yi ya kwaikwaye ta cikin harshen Sabon Alkawari. Ya tsallake wasu Zaburori, ya sassauta la'anar da ke cikin wasu, ya kuma juya wasu gaba ɗaya. Zabura ta 72, wadda addu'a ce ga sarkin Isra'ila, ya mai da ita waƙar mulkin Almasihu a duniya duka. Abin da ya yi da Zabura ta 98 shi ne ya zama ɗaya daga cikin sanannun waƙoƙin Kirsimeti, ko da yake shi ba domin Kirsimeti ya tsara ta ba.

Salo

Inda za a fi ganin gwanintarsa shi ne waƙar da ya gina a kan Zabura ta 90, mai jigon dawwamar Ubangiji da gajartar rayuwar ɗan Adam. Baiti 9 ya yi, amma 6 aka fi rerawa. Galibin kalmominta gajeru ne na yau da kullum, waɗanda ko yaro ya sani. A nassin asali an kwatanta shuɗewar mutane da abin da ambaliya ta kwashe. Watts ya ɗauki wannan hoto ya mutuntar da shi: zamani da kansa ya zama kogi mai gudu ba tsayawa, mutane kuma suka zama 'ya'yansa da yake kwashewa. Watau mahaifin shi ne mai hallakarwar. Wannan siffantawa ce mai zurfi, amma ba wanda zai tsaya neman a fassara masa ita. Baitin ƙarshe kuma ya komo kan kalmomin na farko da ɗan sauyi kaɗan, abin da ya fara a matsayin yabo ya ƙare a matsayin roƙo.

Akwai wani ɗan abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Kalmar da Watts ya buɗe waƙar da ita ta mallaka ce, mai ma'anar "namu". A 1738 John Wesley ya musanya ta da harafin kira, kuma gyaran nasa ne ya fi bazuwa. A ganina asalin ya fi nuna ko wane ne Watts. Jama'ar da aka ɗaure iyayensu, aka hana su jami'a, su ne ya sa suka buɗe baki da cewa Ubangijin nan nasu ne. Daga baya waƙar ta zama ta ƙasa baki ɗaya, har an rera ta a jana'izar Winston Churchill a 1965.

Inda ya yi tuntuɓe

To, amma hanyar da ta ba shi nasara ita ce kuma ta kai shi rami. Da yake yana son ya kusantar da Zabura ga mutanensa, a wurare da dama sai ya cire sunan Isra'ila ko Yahuza ya sa Birtaniya. Nan waƙar ibada ta fara ƙamshin kirarin ƙasa, kuma zamani bai daɗe ba ya tona wannan rauni. Bayan Amurka ta ƙwace 'yancinta daga Birtaniya, majami'un can suka ga ba za su iya rera waɗannan baitoci ba, sai da Joel Barlow a 1785, da Timothy Dwight a 1801, suka yi wa littafin kwaskwarima. Mutumin da ya zargi magabata da sa wa jama'a maganar da ba tasu ba a baki, ga shi ya bar wa wasu irin wannan gado.

Waƙoƙinsa na yara ma suna da nasu aibin. A ciki akwai inda yaro yake godiya don an haife shi a ƙasar Birtaniya, da inda yake godiya don ba a haife shi Bayahude ko mai bautar gumaka ba. Akwai kuma tsoratarwa da wuta, da hankaki mai ƙwaƙule idon yaron da ya raina iyayensa. A nan sauƙin ya zama na mai kallon yaro daga sama, wa'azi ya danne waƙa. Littafin ya yi farin jini fiye da shekara 100, amma yawan tilasta wa yara haddace shi ne ya ba Lewis Carroll damar yi masa ba'a a littafinsa na Alice na 1865, inda ya mai da waƙar ƙudan zuma mai himma ta koma ta kada mai haɗiye kifi.

Hukuncin Johnson

Samuel Johnson, babban mai sharhin adabin Ingilishi na ƙarni na 18, shi ne ya nemi a sa Watts cikin jerin sha'iran da ya rubuta tarihinsu, kuma ya yaba halinsa da ilminsa. Amma da ya zo kan waƙoƙin ibada sai ya yi yabo mai kama da suka. A ganinsa jigogin ibada ba su da yawa, dole a yi ta maimaici, tsarkin abin kuma ba ya karɓar adon harshe. Saboda haka iyakar abin da za a ce, Watts ya fi sauran ne a fagen da ba wanda ya ƙware.

Ina ganin Johnson ya auna kayan da mudun da ba nasu ba. Ya karanta waƙoƙin ne shi kaɗai a zaune, alhali an yi su ne domin bakin taro. Maimaicin da ke gundurar mai karatu shi ne yake riƙe mai rerawa. Shaida kuwa ta zo daga inda Johnson bai duba ba. A shekarun 1750 wani limami mai suna Samuel Davies ya riƙa raba littattafan Watts ga baƙaƙen bayi a Virginia ta Amurka. Waƙoƙin suka kama a cikinsu, suka sa musu tasu muryar, har salon nan na jagora ya biya jama'a su amsa ya ɗauki sunan "Dokta Watts" a majami'un baƙaƙen Amurka. Waƙar da bawa da firayim minista suka sami abin riƙewa a cikinta, da wuya a ce mai ita bai ƙware ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu ga cewa sauƙi iri biyu ne a aikin Watts. Akwai sauƙin da ya fito daga tace magana har sai tsabarta ta rage, kamar a Zabura ta 90, wannan gwaninta ce ta sha'iri na ainihi. Akwai kuma sauƙin da ya fito daga faɗa wa jama'a abin da suke son ji game da kansu, ko daga raina hankalin yaro, wannan kuwa gazawa ce, kuma shi ne zamani ya fara zubarwa. Saboda haka in za mu feɗe waƙar da aka yi domin wani aiki, kada yawan ado ko ƙarancinsa ya zama abin da za mu fara tambaya. Mu fara da tambayar wa aka yi wa ita, a wane hali za a rera ta, kuma in an cire ta daga garin da aka haife ta, me zai saura a cikinta. Da wannan mudu, kaɗan ne daga cikin ɗaruruwan waƙoƙin Watts suka tsira, amma waɗanda suka tsira ɗin sun kai shekara 300 ana rera su.