Tsakanin Rarrafe da Yaye: Gurbin Ƙaramin Yaro a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labaran Hausa zai lura da wani tsallake da marubuta suka mayar al'ada. Za a ce mace ta sami ciki, ta haihu, ranar bakwai aka yanka rago aka raɗa suna. Daga nan sai a ce yaro ya yi wayo an sa shi makaranta, ko yarinya ta isa aure. Shekaru biyu ko uku da ke tsakani, wato lokacin zama da rarrafe da tatata da gwaranci da yaye, akan haɗiye su cikin jumla guda. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi wannan giɓi a wasu fitattun littattafai, ta nemi dalilinsa, sannan ta nuna irin asarar da adabi yake yi. Za a ɗauki misali da rayuwar gida a Jajimaji da maƙwabtanta, Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe.

2.0 Yadda Littattafai Suka Ɗauki Ƙaramin Yaro

A cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Rupert East, babu wanda ya kusanci ƙuruciya kamar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Umar yana ƙarami mahaifiyarsa ta tafi Fatika ta bar shi a hannun wata mata, aka sace shi, kura ta cinye ɓarawon, yaro ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wurin Balarabe Abdulkarim. Labarin yana da ban tausayi ƙwarai. Sai dai idan aka lura, Umar a wannan mataki tamkar kaya ne da ake ɗauka daga hannu zuwa hannu. Mai karatu bai san abin da yake ba shi dariya ba, ko abin da yake tsoro, ko yadda ya kwana daren farko ba uwa. Tausayin da muke ji na uwar ne da ta bazama nemansa har cikin hamada.

A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, an haifi Kyauta ne domin ya zama makamin ramuwar gayyar Abubakar a kan Malam Shaihu. Tun da asiri ne ya ɓata shi, marubutan ba su ga bukatar nuna yadda hali yake ginuwa a hankali a tsakar gida ba. Haka nan a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, haihuwar Musa da Mahmudu ita ce ta tayar da ƙullin Waziri, amma ba mu zauna da yaran ba sai da suka isa sauraron labaran aku.

Da mata suka shigo fagen rubutu sosai a shekarun 1980, sun shigar da mai karatu har ƙuryar ɗaki. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ya nuna wahalar Rabi da 'ya'yanta tara bayan Alhaji Abdu ya juya musu baya. Nan ma dai hasken labarin ya fi sauka kan Saudatu da aurenta. Ƙananan kuwa sun zama adadi, wato bakunan da za a ciyar, masu ƙara wa nauyin uwa girma a idon mai karatu.

3.0 Dalilan Wannan Giɓi

Za a iya kawo dalilai uku. Na farko, marubutan farko maza ne, rainon yaro kuwa a cikin gida ake yin sa, inda namiji yakan fita da hantsi ya dawo da almuru. Na biyu, salon zube na farko ya gaji tatsuniya da labarin jarunta, inda tafiya da yaƙi da wayo suke jan labari, mai tatata kuwa iyakar tafiyarsa daga bakin murhu zuwa gindin turmi. Na uku shi ne kunya. Bahaushiya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kuma yabon ɗa a bainar jama'a abu ne da ake gudu saboda baki. Abin da aka saba rufewa a rayuwa, sai alƙalami ma ya ji nauyin buɗe shi.

Wani zai ce wanda bai iya magana ba ba zai zama tauraron labari ba. Amsa ita ce, halin tauraro ba a bakinsa kaɗai ake gane shi ba. Yaron da ya ƙi hannun kowa sai na kishiyar uwarsa ya faɗi magana mai tsawo game da gidan, ko da bai furta kalma ɗaya ba.

4.0 Darasi Daga Baba ta Karo

Abin mamaki, littafin da ya fi kowane cike wannan giɓi ba ƙagagge ba ne. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa, Baba mutuniyar Karo, a ƙasar Zazzau, ta rubuta tarihin rayuwarta, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, kuma ta yi bayanin jego da goyo da kunyar ɗan fari da yaye da riƙo dalla-dalla. A bakinta, wanda za a ba yaro riƙo da wanda za a hana magana ce babba da take ƙulla zumunci ko ta ɓata shi. Ke nan tun fiye da shekara 70 da suka wuce wata tsohuwa ta nuna cewa rayuwar ƙaramin yaro cike take da abin da masu nazari suke kira rikici da warwara. Marubuta ne ba su ɗauka ba.

5.0 Abin da ke Gaban Marubuci a Jajimaji

Jajimaji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, tana kan hanyar da ta haɗa Nguru da Gashuwa. Ɗalibin da ya fito daga wannan yanki yana da aƙalla jigogi uku a tsakar gidansu.

Na farko shi ne jinkirin tafiya. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan yara a ƙasashe biyar, ciki har da Gana, wanda ya nuna lafiyayyen yaro yakan fara tafiya da ƙafarsa tsakanin kimanin wata 8 da wata 18. A takarda wannan tazara ce ta wata goma kawai. A gidan da ɗan kishiya ya tashi a wata goma, na ɗaya ɗakin kuwa yana jan gindi a wata goma sha biyar, tazarar ta ƙunshi gori da habaici da zargi da shawarar uwar miji, da keken katako da aka aro a maƙwabta, da muhawarar ko asibiti za a je ko wurin malam. Ga labari cikakke, ba ɓarawo ba kura.

Na biyu shi ne yaye. Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa a Suratul Baƙara, aya ta 233, amma sau da yawa ciki kan goyo yakan sa a gaggauta. Ranar da aka shafa maɗaci a nono, aka ɗauki yaro aka kai shi gidan kaka, ita ce rabuwa ta farko a rayuwarsa. Idan ɗan fari ne, uwar ba ta da damar nuna kewarsa a fili. Yadda marubuci zai nuna ƙaunar da aka hana wa baki, ta hanyar kunun da aka dama aka aika ko zanen goyon da aka kasa naɗewa, a nan ake gane gwanintarsa.

Na uku, kuma wanda ya keɓanta da wannan yanki, shi ne harshe. Mangawa da Badawa da Fulani da Hausawa sun daɗe suna cuɗanya a nan, kuma isowar layin dogo Nguru daga Kano a 1930 ta ƙara wa Hausa ƙarfi a kasuwa da titi. A gidaje da yawa yaro yakan ji rarrashi a bayan uwarsa da Manganci ko Badanci, idan aka sauke shi ƙasa kuma ya tarar da yayyensa suna wasa da Hausa. Da wane harshe zai fara kiran ruwa? Kakar da take yi wa jikanta magana da Badanci a Gashuwa yana mayar mata da Hausa, me take ji a ranta? Marigayi Russell Schuh da abokan aikinsa sun wallafa ƙamusun Badanci a 2004, kuma aiki ne abin yabo. Amma ƙamus kalmomi yake adanawa. Yadda harshe yake sulluɓewa daga hannun iyali a kan tabarma guda, wannan sai mai ƙaga labari ne zai iya kama shi.

6.0 Kammalawa

An ga yadda littattafan da aka duba suka yi amfani da ƙaramin yaro a matsayin kaya ko makami ko adadi, da dalilan da suka jawo haka. Wannan ba ya rage darajarsu, domin kowane marubuci ɗan zamaninsa ne. Amma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka adabin da yake yawan wa'azi kan tarbiyya bai kamata ya riƙa tsallake shekarun da ake yin tanƙwarar ba. Kira ga masu aiko da gajerun labarai wannan mujalla, musamman ɗalibai mata da iyayen da ke cikinmu, shi ne su zauna su lura da mai tatata na yini guda, su ga wa yake bi, wa yake gudu, wace kalma ya fara kamawa, da yadda manya suke sauya murya a gabansa. Tsofaffin da suka san waƙoƙin raino da al'adun yaye na Jajimaji da Nguru da Gashuwa suna raguwa, kuma abin da ba a rubuta ba tare da su zai tafi.