Baka Ko Na'ura: Ra'ayinmu A Kan Littafin Likita Pope

Littafin da za mu duba a wannan mako ba sabo ba ne, gama an buga shi a Amurka tun 1923. Sunansa da Turanci Hunting with the Bow and Arrow, watau Farauta da Baka da Kibiya. Wanda ya wallafa shi wani likitan fiɗa ne, Saxton Pope, malami a makarantar likitoci ta Jami'ar Kalifoniya, a birnin San Faransisko. Abin da ya sa muka tono shi kuwa, har yanzu maharban Amurka ba su bar gardama a kan maganar da ya tayar ba, wai shin wanda ya kashe barewa da taimakon na'ura ya yi farauta ke nan, ko kuwa yanka kawai ya yi. Masu tsaya wa baka irin na da, da wannan littafi su ke kafa hujja. To, mun karanta, mun kuwa tarar hujjar tana ciki, amma ba a inda su ke nunawa ba.

Mu fara gyara suna tukuna. Dabbar da mu ke kira barewa a nan ba irin tamu ba ce sosai. Ta Amurka namijin ne ke da ƙaho, ƙahon kuwa mai rassa ne kamar busasshen itace, yana zubewa kowace shekara wani ya tsiro. Amma wajen jin ƙanshi, da kaifin kunne, da saurin zabura, halin ɗaya ne, saboda haka muka bar mata sunan.

Babi uku na farko labarin malamin Pope ne, malamin nan kuwa ba Bature ba ne. A watan Agusta na 1911 aka tsinci wani mutum a wata mayanka kusa da garin Oroville, duk ya rame, ba mai jin harshensa. Ashe shi ne ya saura daga wata 'yar ƙabila da a ke kira Yahi, cikin mutanen ƙasar na asali waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Tun da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848 baƙi suka kwararo, suka yi ta karkashe Yahi da bindiga, har 'yan kaɗan da suka tsira suka shige kwazazzabai suka ɓuya shekara wajen 40. A 1908, sa'ad da mutum 4 kaɗai suka rage, waɗansu 'yan safiyo suka faɗa wa maɓoyarsu, suka kwashe musu kaya, har da baka da kibau. Bayan shekara 3 sai ga wannan ya fito shi kaɗai. Malaman jami'a biyu, Kroeber da Waterman, suka ba shi masauki a gidan ajiye kayan tarihi. Al'adarsu ta hana mutum ya faɗi sunansa da bakinsa, ba kuwa sauran wanda zai faɗa a madadinsa, sai aka riƙa kiransa Ishi, watau mutum da harshensu. Asibitin da Pope ke aiki yana maƙwabtaka da gidan, nan suka shaƙu, likita ya koma almajiri.

A waɗannan babi uku Pope ya yi aikin da ya kamata a yaba masa, domin ya sa idon likita ya duba kome, bai rena ko ƙanƙanen abu ba. Ya ce bakan Ishi gajere ne, tsawonsa wajen inci 42, na wani itace da ke tsirowa a kan duwatsu, an liƙa masa jijiyar barewa a baya da danƙon da aka dafa daga fatar kifi. Tsirkiyar ma ta jijiya ce. Bakin kibiyar na wani dutse ne mai kama da kwalba, wanda a ke ɓantara kaɗan kaɗan har ya yi kaifi, da Ishi ya zauna a birni ma da fasasshiyar kwalba ya riƙa yi. Yakan ɗaura wa gindin kibiya gashin mikiya ko na shaho, abin da maharbanmu ba su saba yi ba, su da dafi suka dogara. Gashin mujiya kuwa ba ya taɓa shi.

Amma kayan ba su ne zancen ba, shirin mutumin shi ne abin mamaki. In gobe zai fita neman barewa, yau ba ya cin kifi, ba ya shan taba, don ya ce dabba tana jin warinsu a jikin mutum. Da asuba ya faɗa rafi ya yi wanka, ya kurkure baki, ya sha ruwa, ba ya karya kumallo. Ya tuɓe sai bante, don kada tufa ta yi ƙara a jikin ganye. Sa'an nan ya duba inda iska ke fitowa ya fuskance ta, ya yi ta sanɗa, taki ɗaya, tsayawa, kallo. Yakan sa ganye a baki ya yi kukan ɗan barewa har uwa ta taso a guje tana nema. Yakan ɗora yatsu a leɓe ya tsotsa, zomo ya fito. Wani lokaci ya aza kan barewa da aka cushe a bisa nasa kan, ya laɓe a bayan kurmi yana kaɗa shi kamar mai kiwo, har namiji ya matso ya ga wane baƙo ne. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi a ƙasar Hausa ya ɗaura kan burtu yana rarrafe cikin ciyawa, ba ya bukatar a yi masa bayani. Ga mutane biyu da teku ya raba, ba wanda ya ji labarin wani, amma gajartar zangon kibiya ta koya musu dabara guda.

Akwai wani wuri a littafin da muka ga shi ne cibiyarsa, ko da ya ke Pope ya wuce shi da sauri. Da aka kafa allon gwaji mai zobba na launi aka ce a yi harbi, Ishi bai taɓuka abin kirki ba, almajirin nasa ma ya fi shi. Ishi ya ce allon ya yi girma, launukan kuma suna raba masa hankali. Amma a ajiye masa abu ƙarami a nan kusa, kamar makwarwa a taki 20, sai a ga aiki. Watau gwanintarsa ba ta jefa kibiya nesa ba ce, ta kawo kansa kusa ce. Rauni na bakansa shi ya tilasta masa ya san iska, da sawu, da lokacin da dabba ke zuwa ruwa, da abin da ta ke tsoro.

To, daga babi na huɗu littafin ya sake hanya. Pope Bature ne da ya tashi da labarun maharban Ingila na zamanin da, zuciyarsa tana ga dogon bakan nan nasu mai tsawon mutum. Ya auna, ya ga ya fi na Ishi nisan zango, sai shi da abokansa Arthur Young da Will Compton suka koma gare shi, suka sa wa kibau bakin ƙarfe. Bayanin da ya yi na sassaƙa baka da gyaran kibiya mai kyau ne ƙwarai, mutum zai iya bi ya yi nasa. Amma da aka zo labarun farauta sai mu ga ana sakar wa barewa kibiya daga yadi 60 ko fiye, wata ma tana gudu, a kuskure a yi dariya, a sake ɗana wata. Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Wannan magana ce ta mai harbi. Da za a tambayi barewar da ta tsere da kibiya a cinya, da ta ce kuskuren ya fi mata. Pope ya kare kansa da ilminsa na likita, ya ce kibiya yanka ta ke yi, jini ya zuba, dabba ta mutu nan da nan ko kuwa raunin ya warke tas, ba kamar harsashi mai farfasa ƙashi ba. Mun yarda haka ne in kibiya ta sami huhu ko zuciya. Amma me zai tabbatar da haka in ba kusanci ba? Kusancin nan kuwa shi ne abin da ya bari a babi na uku.

Babin da ya fi suna shi ne na farautar wata ƙatuwar dabba mai farata da Turawa ke kira beyar, a gandun dajin Yellowstone a 1920, inda suka sami izini don a kai fatu gidan tarihi. Labarin yana da daɗin ji, ba mu musa ba. Sai dai mai karatu ya lura, jagoransu Ned Frost yana tsaye da bindiga a hannu, kuma da wata macen ta taso musu, shi ne ya tsai da ita da harsashi. Haka kuma da Pope da Young suka je Tanganyika a 1925 neman zaki, da masu bindiga a gefensu. Pope bai ɓoye wannan ba, mun kuwa gode masa. Amma wanda ya ce ya ba dabba dama daidai da tasa, alhali bindiga na gadin bayansa, lalle ya ɗan yi ƙari a magana. Ishi abinci ya ke nema, in ya kuskure ya kwana da yunwa. Pope nishaɗi ya ke nema, in ya kuskure ya koma zango ya ci abin da ya zo da shi. Littafin bai taɓa tsayawa ya auna wannan bambanci ba, shi ne babban giɓinsa.

Masu yabon littafin sukan ce baka ne ya ceci barewar Amurka. Ba haka ba ne. Wajen 1900 irin barewar nan mai farar wutsiya ta ragu har ba ta kai rabin miliyan ba, saboda masu harbi don sayarwa, a zamaninmu kuwa ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. Doka ce ta yi wannan aiki, kamar ta 1900 da ta hana fataucin naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, da ta 1937 da ta aza haraji a kan bindigogi da harsasai don kula da namun daji. Abin da littafin ya haifar dabam ne. A 1934 jihar Wisconsin ta ware wa masu baka lokacinsu na farauta, sauran jihohi suka bi. A 1961 aka kafa ƙungiya da sunan Pope da Young, wadda ke auna ƙahonin da aka kashe da baka tana rubutawa, aikin da da Ishi ya gani da ya rasa gane amfaninsa. A 1969 kuma wani mai suna Holless Allen ya sami takardar mallakar wani sabon baka mai 'yan faya-fayai masu juyawa a bakinsa biyu, waɗanda ke rage wa maharbi nauyin tsirkiya in ya gama ja. Daga nan ƙofa ta buɗe. Aka zo da na'urar auna nisa, da kyamarar da a ke ɗaure wa itace ta aiko wa mutum hoton barewa yana kwance a ɗakinsa, har jihar Arizona ta ga abin ya yi yawa ta hana farauta da irin kyamarar nan tun daga farkon 2022.

Masu baka irin na da suna kuka da wannan, muna kuwa tare da su. Amma su sani hanyar da ta kai ga faya-fayan Allen, daga babi na huɗu na littafin da su ke ɗauka ta faro, ranar da aka auna baka biyu da nisan zango aka zaɓi mai nisa. Mai riƙe da sanda da tsirkiya yana harbi daga yadi 70 bai fi mai na'ura kusa da Ishi ba.

Saura magana ɗaya mai nauyi. Ishi ya rasu ranar 25 ga Maris, 1916, da tarin fuka, ciwon da ya ɗauka a cikin Turawa. Pope ya ba da labarin da tausayi, ya lissafa abin da aka ƙone tare da gawarsa bisa al'adarsu, har da bakansa da kibansa. Abin da bai faɗa ba a nan shi ne an fede gawar, ko da ya ke Ishi yana ƙyamar haka, Kroeber kuma ya aiko da takarda daga New York yana hanawa. Aka cire ƙwaƙwalwarsa aka aika da ita gidan tarihi na Smithsonian a Washinton, ba a mayar wa dangin ƙabilarsa ita ba sai a 2000. Allah Sarki! Mutumin da aka kwashe wa baka a 1908 bai tsira daga masu kwasa ba ko bayan ransa.

Littafin ya tsufa har ya fita daga hannun masu shi, ana samunsa kyauta a intanet. Muna roƙon wani daga cikin malamanmu masu jin Turanci ya juya babi ukun nan na farko da Hausa, sa'an nan a karanta wa Sarkin Baka na garinsu da mutanensa, a aiko mana da abin da suka ce, musamman a kan zancen barin kifi da taba kafin a shiga daji.