Ɗinkin da Mai Shi Ya Bari: Al'adar Ƙarasa Bargon Ƙyallaye a Amurka

A watan Satumba na 2019, wata mai aikin surfani a birnin Shikago, Shannon Downey, ta je gwanjon kayan wata tsohuwa da ta rasu tana da shekara 99 a garin Mount Prospect na jihar Illinois. Cikin kayan ta tarar da wata roba cike da farin yadi da aka yayyanka, kowane yanki mai kusurwa shida, an zana taswirar jiha guda a kansa tare da tsuntsunta da furenta. Marigayiyar, mai suna Rita, ta yi niyyar yi wa jihohin Amurka 50 surfani ɗaya bayan ɗaya, ta ƙara taurari 50, ta harhaɗa su su zama bargo. Ta gama shiri tsaf, ta fara, amma aikin bai yi nisa ba ta bar duniya.

Downey ta sayi robar a kan dala 6. Dama ta ɗora wa kanta ƙa'ida: duk surfanin da ta tsinta a gwanjo mai shi bai ƙarasa ba, sai ta ƙarasa masa. Wannan kam ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka ta yi cigiya a Instagram. Mutane fiye da 1,000 suka amsa. Ta rarraba yankunan nan 100 ta gidan waya, kowa ya yi nasa ya dawo da shi, sannan wasu maɗinka suka taru a Shikago suka haɗe su. A watan Disamba aka nuna bargon ga jama'a, a watan Maris na 2020 kuma aka rataye shi a National Quilt Museum da ke Paducah a jihar Kentucky, gidan tarihin da aka buɗe a 1991 musamman domin irin wannan ɗinki.

Labarin ya shiga jaridu, amma ƙarasa ɗinkin da ya tsaya daɗaɗɗen abin sha'awa ne tsakanin maɗinkan Amurka, yana da ƙungiyoyinsa da dabarunsa da gardandaminsa. Wasu nasu na kansu suke zaƙulowa daga ƙasan akwati, wasu na uwa ko kaka, wasu kuma na baƙon da ba su taɓa gani ba. Mai son gane dalilin da ya sa aikin da ba a gama ba ya yi yawa haka, sai ya fara duba yadda ake yin bargon.

Bargon ƙyallaye hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye bisa wani zane. Akwai auduga a tsakiya. Akwai shafi a baya. Haɗa fuskar shi ne mai daɗi. Mace tana iya ɗaukar 'yan ƙyallayenta a jaka, ta ɗinka a kan cinya tana hira, kullum tana ganin sabon launi yana haɗuwa da ɗan'uwansa. Da ta gama, sai aikin ya sauya hali. Dole ta nemi kuɗin auduga da shafi, ta sami ɗakin da zai ɗauki firam na katako da za a ɗame hawa ukun a kai, sannan ta bi faɗin gado kakaf da allura tana sokawa ta cikin ukun gaba ɗaya. Gwanaye suna yin ɗinki goma zuwa goma sha biyu a inci guda. Bayan nan ga kalmashe baki. A tsakanin gama fuska da hawa firam ne barguna da dama suke maƙalewa.

A ƙarni na goma sha tara jama'a ce take tsallakar da aikin daga wannan mashiga. Maƙwabta sukan taru a gidan mai bargo, su kewaye firam, su yi masa irin aikin gayya, a wuni ɗaya ko biyu a sauke shi, a ci abinci a watse. Ruth Finley ta ruwaito a littafinta na 1929 cewa budurwa takan tara fuskoki goma sha biyu a akwati, ba a sa musu auduga da shafi sai an yi mata baiko. Masana na baya sun ɗauki wannan a matsayin labarin baka fiye da tabbataccen tarihi, amma yana nuna cewa fuskar da aka ninke aka ajiye ba lallai watsar da ita aka yi ba. Sau da yawa jiran kuɗi take yi, ko jiran hannuwa.

Yawancin tsofaffin fuskokin da ake tsinta yau a gwanjo na shekarun 1930 da 1940 ne. Lokacin tattalin arzikin Amurka ya karye, mata suka koma ga allura. Kamfanonin fulawa da na abincin kaji suka fara zuba kayansu a buhunan auduga masu zanen furanni, matan karkara suna farke su suna ɗinka riguna, ragowar kuma ta tafi bargo. Jaridar Kansas City Star ta buga zanen bargo fiye da 1,000 tsakanin 1928 da 1961. Gasar da kamfanin Sears ya shirya albarkacin baje kolin duniya na Shikago a 1933 ta jawo barguna sama da 24,000. Daga nan Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, mata suka shiga masana'antu, bayan yaƙi kuma bargon kanti ya yi araha. Bargon ƙyallaye ya koma abin tuna talauci a idon wasu, fuskokin da aka fara da ɗoki suka shige akwatuna.

Sana'ar ta farfaɗo a shekarun 1970. A 1971 gidan zane-zane na Whitney da ke New York ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar zanen manyan masu fasaha, bikin cikar Amurka shekara 200 a 1976 kuma ya ƙara hura wutar sha'awar kayan gargajiya. A 1979 kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙa mai gare da take yanka yadi ninki-ninki lokaci guda. Yankan da a da yake cin kwanaki da almakashi ya koma na sa'o'i. Farawa ta yi sauƙi ƙwarai, ƙarasawa kuwa tana nan da nauyinta, sai ya zama maɗinkiyar zamani ta fi kakarta tara aikin da ba a gama ba.

Akwai ma zanen da ya yi suna wajen gajiyar da masu shi. Bargon da Jane Stickle ta ɗinka a jihar Vermont a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, yana da ƙananan murabba'ai 169, ita da kanta kuma ta rubuta da zare a kusurwarsa cewa ƙyallaye 5,602 ne a ciki. Yana ajiye a gidan tarihi na Bennington, inda ake fito da shi na 'yan makonni a shekara don kada haske ya ci shi. Tun da Brenda Papadakis ta buga zanensa a littafi a 1996, mata a ƙasashe da yawa suke kwaikwayonsa, kuma ba abin mamaki ba ne a ji wadda ta shafe shekaru goma tana kansa.

Masu fama da tarin nasu na kansu sun ƙirƙiro hanyoyin ɗaure kai. Mujallar American Patchwork & Quilting tana gudanar da wani shiri na shekara-shekara: mace ta jera ayyuka 12 da ta bari, ta ba kowanne lamba, kowane wata a fitar da lamba ɗaya, wanda lambar ta faɗa a kansa shi za ta sa a gaba. Dabarar tana aiki ne domin ta ɗauke wa mutum wahalar zaɓi, ta kuma sa shi cikin jama'ar da zai nuna wa abin da ya yi a ƙarshen wata. Wasu suna kai fuskokinsu wurin masu babban keken ɗinki mai dogon hannu, wanda yake gama aikin firam cikin sa'o'i, a biya bisa faɗin bargon. Wanda kuma ran mai shi ya fita daga gare shi, ƙungiyar maɗinka ta unguwa tana karɓa ta ƙarasa, ta miƙa wa irin su Project Linus, da take raba barguna ga yara marasa lafiya tun 1995, ko Quilts of Valor, da take lulluɓa wa sojojin da suka dawo daga yaƙi tun 2003.

Ɓangaren da ya fi taɓa zuciya shi ne na mamata. A 2022 wasu ƙawaye biyu masu saƙa, Jennifer Simonic a Seattle da Masey Kaplan a jihar Maine, suna taya wata ƙawarsu kintsa kayan mahaifiyarta da ta rasu, suka tarar da barguna biyu da take saƙa wa 'ya'yanta ba ta gama ba. Kowacce ta ɗauki ɗaya. Daga nan suka kafa Loose Ends, ƙungiyar da take haɗa iyalin mamaci, ko mutumin da ciwo ya karɓe wa hannu ko ido, da mai sa-kai na kusa da su wanda ya iya irin wannan aikin, ko ɗinki ne ko surfani ko saƙar ulu. Ba a biyan ladan aiki. Kafin ƙarshen 2024 dubban mutane a ƙasashe fiye da 60 sun ba da sunayensu, har masu jiran a ba su aiki suka fi ayyukan yawa nesa ba kusa ba.

Ƙarasa aikin wani ya fi fara naka wuya. Kowace maɗinkiya da hannunta: wata tana tsuke zare, wata tana sake shi, wata tana barin baki mai faɗi, wata siriri. Mai ƙarasawa sai ta zauna ta karanci hannun mai shi, ta gwada a wani ƙyalle daban har nata ya saje. Wani lokaci babu takardar zane, sai an ƙirga daga abin da aka riga aka yi a gano inda aka dosa. Wani lokaci yadin ya ƙare kuma an daina buga irinsa tun shekaru aru-aru, shi ya sa kamfanoni suke fitar da yadi mai kwaikwayon zanen shekarun 1930. Wata fuskar kuma da an shimfiɗa ta sai a ga tana tudu a tsakiya, a gane abin da ya sa aka ajiye ta tun farko. Abin da ya fi duka wuya shi ne danne son rai. Launin da marigayiya ta zaɓa, ko bai yi wa mai ƙarasawa ba, shi ne 'ya'yanta suka sani. Masu aikin Loose Ends da yawa sukan sa 'yar alama da zare mai wani launi a daidai inda hannun mai shi ya tsaya, domin iyali su san ɗinkin ƙarshe na uwarsu.

Duk da haka akwai masu cewa a dakata, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Masana tarihin yadi sun fi ƙaruwa da fuskar da ba a rufe bayanta ba, domin a nan ake ganin irin zaren, da ko hannu ne ya ɗinka ko keke. A salon Ingila, inda ake naɗe kowane ƙyalle a kan takarda kafin a haɗa, takardun da suka rage a aikin da ba a gama ba guntayen wasiƙu ne da jaridu da littattafan lissafi, waɗanda suke faɗin shekara da gari. Mai ƙarasawa za ta cire su ta zubar. Ga kuma raunin yadi: wasu tsofaffin rini masu ruwan ƙasa da baƙi an kama su da sinadarin ƙarfe, wanda yake cinye auduga a hankali, alharinin ƙarshen ƙarni na goma sha tara kuma yakan tsattsage da kansa saboda gishirin ƙarfen da aka sa masa don ya yi nauyi. Allurar keke tana iya kashe irin wannan yadi a wuni guda. Masu kimanta barguna kuma suna ƙidaya shekarun bargo ne daga sabon abin da aka sa masa, don haka fuskar 1880 da aka yi wa shafi a bana ta fita daga sahun kayan tarihi.

Kowane ɓangare yana da gaskiya a inda ya tsaya, abin da ake buƙata shi ne tantancewa kafin a zura zare. Fuskar da ta haura shekara ɗari, ko mai ɗauke da suna da shekara, ko wadda yadinta ya fara ruɓewa, haƙƙinta a bar ta yadda take, a naɗe ta a farin yadi mai tsabta, a nuna wa masani. Amma fuskokin buhun fulawa na shekarun 1930 suna da yawa, yadinsu da ƙarfi, kuma don a rufa da su aka ɗinka su. Bargon da uwa ta rasu tana haɗa wa jikanta kuwa babu gardama a kansa. Amfaninsa yana kan gadon yaron.

Sharaɗi ɗaya ya hau kan duk wanda ya ƙarasa: ya rubuta gaskiya a bayan bargon. Lokacin da aka fara zagayen rubuta tarihin barguna jiha-jiha, wanda Kentucky ta buɗe a 1981, an yi ta cin karo da kyawawan ayyuka waɗanda babu mai iya faɗin wadda ta ɗinka su. Ɗan farin ƙyalle da aka ɗinka a kusurwa, ɗauke da sunan wadda ta fara da garinta da shekarar da ake zato, sai sunan wadda ta ƙarasa da shekararta, ya isa ya hana wannan asara, ya kuma hana a sayar wa wani aikin hannu biyu da sunan na hannu ɗaya. Duk wanda ya gaji akwatin ɗinki na uwa ko kaka, kafin ya kai shi gwanjo ko bola, ya buɗe ya duba abin da yake ciki, ya tambayi dattawan gida wa aka yi wa niyyarsa, ya rubuta amsar tun masu saninta suna raye.