Sharhin Littafi: Yahudawan Tamantit Da Rigimarsu Da Shehu Magili

Mai karatu, da muna yara a Tafoki akwai wani mai shago da ba ya ba da bashi, ko na ashana ɗaya ne. Sunan da muka laƙaba masa shi ne Bayahude. A cikinmu babu wanda ya taɓa ganin Bayahude da idonsa, har manyan da muka ji kalmar a bakinsu. Haka take a finafinanmu da littattafanmu: zagi ce kawai, a jefi mugun attajiri ko azzalumar kishiya da ita, a wuce. Shi ya sa da wani abokina da ke karatu a Zariya ya miƙo mini fotokwafin wani ɗan siririn littafi, ya ce in karanta in ga inda Yahudawa suka shigo labarin Kano da Katsina, sai na ɗauka zolaya ce.

Sunan littafin Jews of a Saharan Oasis, wato Yahudawan wani dausayi a Sahara, ya fito a 2006. Marubucinsa John Hunwick, Baturen Ingila ne da ya koyar a Jami'ar Ibadan kafin ya koma Amurka, ya ƙare rayuwarsa yana bin diddigin rubuce-rubucen Larabci na ƙasashenmu har ya rasu a 2015.

Dausayin shi ne Tamantit, a yankin Tuwat da ke kudancin Aljeriya ta yau, zangon ayarin fatake masu ratsa hamada. Wani ɗan kasuwar Italiya, Antonio Malfante, ya aika wasiƙa daga can a 1447, ya ce akwai Yahudawa da yawa, suna zaune lafiya a ƙarƙashin kariyar manyan gari, kuma ciniki ta hannunsu yake bi. Sai wani malami daga Tilimsan ya sauka a garin, Muhammadu bin Abdulkarim al-Maghili. E, shi dai Shehu Magili da ka sani, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafin nasihar mulki, wanda mutanen Katsina ke ambato in ana zancen Gobarau, wanda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta kafa hujja da maganganunsa.

Magili ya ga cewa Yahudawan sun wuce iyakar da shari'a ta gindaya wa 'yan amana, don haka amanarsu ta warware, a rushe wurin ibadarsu. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce a'a. Nan ne littafin ya fi daɗi, domin ba a fara da takobi ba, da takarda aka fara. An aika tambaya ga malaman Tilimsan da Fas da Tunis, amsoshi suka yi ta dawowa a bayan raƙuma. Ibn Zakri bai yarda a rushe ba. Al-Tanasi ya mara wa Magili baya, al-Sanusi ya yaba da fatawarsa. Duk Malikawa ne, littattafan da suka karanta ɗaya ne, amma suka rabu biyu. Da ba don al-Wansharisi ya tattara fatawoyin a cikin kundinsa al-Mi'yar ba, da yau ba mu san cewa akwai alƙalin da ya tsaya ya ce kada a taɓa mutanen nan ba.

Ƙarshenta ba daɗin ji. Wajejen 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Sifen, Magili ya tara jama'a aka rushe wurin, aka kashe wasu, sauran suka watse. Ahmad Baba na Tambutu ya rawaito cewa ya sa ladan miskali bakwai ga duk wanda ya kashe Bayahude. Na san wannan layin zai yi wa wasu nauyi. Ni ma ya yi mini. Amma ka lura, ba Bature ne ya ƙago shi ba, babban malamin Tambutu ne ya rubuta shi a littafinsa na tarihin malamai. Bayan wannan ne Magili ya gangaro kudu, ta Ayar, zuwa Kano da Katsina, sannan Gawo wurin Askiya Muhammadu. Wato mutumin da muke fara labarinsa daga ranar da ya iso Kano yana da rabin labari da ya baro a hamada.

Abin da ya burge ni da Hunwick shi ne bai yi wa'azi ba. Ya jera takardu, ya nuna wanda ya ce me, ya bar ka da su. Mai neman littafin zagin Magili ba zai samu ba, mai neman na wanke shi ma haka.

To amma akwai inda ya gaza, kuma ni ɗan fim ne, dole in faɗa. An sa wa littafin sunan Yahudawan Tamantit, amma ba ka jin muryarsu. Ana ta magana a kansu, su ba su magana. Me suke ci? Wace waƙa uwa ke yi wa ɗanta? Me maƙerin zinariya ya ce wa maƙwabcinsa Musulmi a daren da aka ji fatawa ta iso? Shiru. Ba duka laifin marubucin ba ne, takardun da suka tsira na malaman fiƙihu ne, shi kuwa mai fatawa hukunci yake nema, ba ruwansa da abin da ke cikin tukunya. Sai dai da ya ɗan leƙa wani rumbun, da littafin ya yi nama. A tsohuwar Alƙahira akwai wani ɗaki a jikin wurin ibadar Yahudawa, ana ce masa Geniza, inda suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuba duk takardar da ta tsufa, don ba sa son yar da abin da ke ɗauke da sunan Ubangiji. Mu da muke wanke allo a wuri mai tsarki mun san wannan ladabin. A 1897 Solomon Schechter ya kwashe mafi yawansu zuwa laburaren Jami'ar Kambirij. Akwai takardun aure, da lissafin bashi, da wasiƙun fatake zuwa ga matansu, da yawa da Larabci amma da baƙaƙen Ibrananci, kamar dai ajaminmu. Ba na Tuwat ba ne, kuma yawancinsu sun girmi zamanin Magili, amma suna nuna yadda Bayahuden ƙasar Musulmi yake magana in yana gida.

Na biyu, da Turanci yake, Turancin 'yan jami'a, kuma samunsa a nan sai an sha wuya. Jikokin mutanen da Magili ya zauna a cikinsu su ne na ƙarshe da za su gani.

Wani zai ce, ana kashe Falasɗinawa kai kana ta Yahudawan hamada? Ƙasar Isra'ila a 1948 aka kafa ta. Tsakaninta da Tamantit shekara ɗari huɗu da hamsin ne da 'yan kai, kuma al-Asnuni bai san da ita ba lokacin da yake yanke hukuncinsa.

Tun 1976 Adamu Halilu ya nuna da fim ɗin Shehu Umar cewa kyamara na iya bin ayari ta ratsa Sahara da Hausa. Furodusan da ke kukan ƙarancin labari, ga wani nan a kwance. Da ni ne, da wannan fitowar zan buɗe: Magili na fadar Gawo, sai labari ya zo an kashe ɗansa a Tuwat. Ya nemi Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke garin, aka kama su. Sai Alƙali Mahmudu ɗan Umaru na Tambutu ya ce mutanen nan ba su aikata komai ba. Askiya ya sake su. Magili ya ɗaura kayansa ya koma Tuwat, a can ya rasu wajejen 1504.