Tarwaɗa ce ta ruɗe mu: matsalar bidiyoyin "yadda za ka ajiye kifi da rai"

A bazarar da ta wuce na je gida Gubuchi, na tarar da kawuna ransa a ɓace. Manomin rake ne kamar yawancin mutanenmu na ƙasar Makarfi, amma idan an gama sara yakan bi abokansa su tafi su wajen madatsar Tiga. Mamari yake kafawa, doguwar igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, kuma manyan kifaye irin su ragon ruwa sun fi kawo wa koto hari idan yana motsi. Don haka sai ya kama ƙananan kifaye, kawara da 'yan karfasa, ya ajiye su da rai har lokacin da zai ɗana.

Ranar da abin ya faru, ɗansa ne ya nuna masa wani bidiyo a waya. Kawu bai bar komai ba cikin abin da aka ce. Ya cika jarka da ruwa har wuya, ya barbaɗa dusa don kada yunwa ta kashe su, ya ɗiga manja, ya fasa kafso ɗin nan ja da ɗorawa ya juye, ya rufe murfi. Kafin kwale-kwale ya kai inda za su ɗana, duk sun juya ciki sama. Kuɗin mota, kuɗin jirgi, yini guda, duk sun tafi.

"Kai ɗan boko, ba ku ne masu karatun ruwa ba? Me na yi ba daidai ba?"

Na ce, "Kawu, wane irin kifi ka gani a hannun mai bidiyon?"

Ya ce tarwaɗa.

To, mai karatu, a nan gizo yake saƙa. Na zauna na kalli irin waɗannan bidiyoyi da dama a TikTok da Facebook, da saƙonnin da ake turawa a WhatsApp, kuma kusan duk aibinsu ɗaya ne. Suna cewa "kifi" kamar duk kifi ɗaya ne, alhali abin da suka gwada a kansa tarwaɗa ce. Ita kuwa tarwaɗa ba a koyon darasin kifi a wurinta. A saman gezar numfashinta, jan abin nan da ke ƙarƙashin kunnen kifi, tana da wata tsoka mai rassa kamar itace wadda take shaƙar iskar sarari da ita. Shi ya sa za ka gan ta a baho a kasuwa cikin ruwan da bai ko rufe bayanta ba, tun safe har la'asar, tana nan da ranta. Ka yi mata kuskure biyar ta yafe maka huɗu. Sai mai bidiyo ya ga ba ta mutu ba, ya ɗauka dabararsa ce ta yi aiki. Kawara ba ta da wannan gata. Karfasa tana da juriya daidai gwargwado, amma ita ma daga cikin ruwa take samun numfashinta.

Bari mu yi lissafi kaɗan, don shi ne abin da ban taɓa gani a bidiyo ko ɗaya ba.

Lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa tana ɗauke da iskar oksijin kimanin miligiram 280. Lita ɗaya ta ruwa, ko da ta sha iska ta ƙoshi, miligiram 9 kawai take riƙewa idan zafinta digiri 20 ne. A digiri 30 ya sauka zuwa kusan 7.6, a digiri 35 kuma wajen 7. Wannan ma lissafin bakin teku ne. Mu nan yankin Zariya muna sama da teku da mita 600 da wani abu, don haka sai ka sake rage kusan kashi 8 cikin 100. Kenan jarkar lita 20 a rana irin ta watan Afrilu, duk oksijin ɗin da ke cikinta bai wuce miligiram 140 ba. Kuma ba duka kifin zai iya mora ba, domin da zarar ya sauka ƙasa da miligiram 3 a lita, yawancin kifaye sun fara tasowa sama suna haki. Abin da ya rage na amfani kamar 80 ne.

Mu ƙaddara ka zuba rabin kilo na ƙananan kifaye, mu kuma ce kowane kilo yana cin miligiram 300 a awa, wanda ba ƙari na yi ba ga ƙaramin kifin da ya firgita cikin ruwa mai ɗumi. Rabin kilo zai ci 150 a awa. Ka ga cikin minti talatin da 'yan kai an gama. Ka ninka ruwan, ka samu awa ɗaya. Iyakar abin da shawarar "a zuba ruwa da yawa" za ta saya maka kenan.

Zafi kuma ta gefe biyu yake dukanka. Yana rage oksijin ɗin da ruwa ke riƙewa, sannan yana ƙara wa kifi buƙata, domin jikin kifi zafin ruwan yake bi, kuma duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin aikin jikinsa.

Abin da ya fi yawan ruwa muhimmanci shi ne fuskar ruwan, inda yake haɗuwa da iska. Ta nan sabon oksijin ke shiga, ta nan kabon dayoksaid ke fita. Jarkar da aka cika har wuya fuskarta ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, in an rufe murfi ma babu ita gaba ɗaya. Baho mai faɗi da ruwa rabi ya fi ta nesa ba kusa ba. Masu sayar da 'ya'yan tarwaɗa sun san haka, shi ya sa suke yanke saman jarka su zuba ruwa rabi. Masu ɗaukar 'ya'yan karfasa zuwa nesa kuwa leda suke amfani da ita, ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku, sauran a hura oksijin zalla a ɗaure. Ilimin yana nan a hannun masu sana'ar. A hanyarsa ta zuwa bidiyon minti ɗaya ne ake zubar da rabinsa.

Batun dusa ya fi ba ni haushi, saboda tausayi ne ya jawo shi. Kifi ba ya mutuwa da yunwar yini ɗaya. Wanda ya ci ya ƙoshi kuwa oksijin ɗin da yake ci ƙaruwa yake yi don narkar da abincin, sannan ya ƙara fitar da amoniya, wadda mafi yawanta ta gezar numfashi take fita, ba ta kashi ba. A cikin tafki wannan ba komai ba ne. A cikin jarka kuwa tamkar ka kulle mutum goma a ɗaki da murhun gawayi ne. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce a hana kifi abinci aƙalla awa 24 kafin tafiya. Dusar da ba a ci ba ma ruɓewa take yi, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su ma oksijin suke ci.

Akwai wani abu game da amoniya da nake so ka riƙe. Fuska biyu gare ta a cikin ruwa, ɗaya mai dafi sosai, ɗaya mai sauƙi, kuma ma'aunin pH ne ke raba musu gado. A digiri 25, idan pH yana kan 7, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. A kan 8 ta kai wajen kashi 5. A kan 9 ta haura kashi 30. Na kawo wannan ne saboda na taɓa jin wani yana cewa in babu gishiri a jefa kanwa, ai duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Kanwa ɗaga pH take yi, sai ta mayar da amoniyar da ke kwance ta zama guba nan take.

Gishiri kuwa, nan dole in yi wa masu bidiyon adalci, sun yi gaskiya. Jinin kifin ruwan daɗi ya fi ruwan da ke kewaye da shi gishiri, kullum ruwa na shiga jikinsa gishiri na fita, kuma idan ya firgita ko ya goge majinar jikinsa a cikin koma, asarar ƙaruwa take yi. Ɗan gishiri a ruwa yana rage masa wannan wahala. Inda suka ɓata shi ne ma'auni. "Ɗan dunƙule" ba ma'auni ba ne. Giram 2 zuwa 3 a kowace lita ya isa, wato kamar cokalin shayi 8 zuwa 10 a shafe a cikin lita 20, kuma a narkar da shi tukuna kafin a zuba kifi.

Manja ma ba daga iska aka ɗauko shi ba. Idan tarwaɗa ta yi yawa a jarka, majinar jikinta tana tayar da kumfa, kumfar ta hana ta kai baki sama ta shaƙi iska, ɗigon manja kuwa yana fasa kumfa. Dabara ce ta tarwaɗa, don matsalar tarwaɗa. Amma kumfa alama ce ta cewa kifi ya yi yawa ko ruwa ya gaji, fasa ta bai cire amoniya ko ɗigo ba. Ga kawarar da rayuwarta ta rataya a kan fuskar ruwa, ni ban ga hikimar shimfiɗa mata mai a wurin ba.

Kafso kuwa ba sai mun daɗe a kansa ba. Maganin kashe bakteriya ne, kuma ba bakteriya ce ke kashe kifi cikin awa biyu ba. Ka yi asarar kuɗinka, ka kuma juye ragowar a tafkin da mutane da dabbobi ke sha, inda ƙwayoyin cuta ke koyon jure wa maganin da gobe ɗanka zai buƙata.

Sai ɗaya ɓangaren, bidiyoyin Amurka da matasanmu ke kallo suna sha'awa. Jiragen su na can suna zuwa da tanki a jikinsu, famfo yana jawo ruwan tafki ya watsa a ciki, tsohon ruwa yana malala waje. Abin ya bunƙasa ne bayan da masu gasar kamun kifi a can suka fara dokar mayar da kifi ruwa da ransa a 1972. Kimiyyarsu daidai take, har ma suna yin tankin koto zagayayye don kada ƙananan kifaye su yi ta cusa kai a kusurwa suna ji wa kansu ciwo. Sai dai duk shawararsu ta ginu ne a kan batir, famfo da buhun ƙanƙara. Wanda ya kalla daga Ikara ko Kudan sai ya ɗauka in ba shi da waɗannan to babu abin yi, ko kuma ya ari guntun abin, ya sayi ƙanƙara ya antaya a bokiti. Sauyin zafi na farat ɗaya shi kansa kisa ne. Ka da ya wuce digiri 2 ko 3 a lokaci guda, kuma in ƙanƙarar ruwan famfo ce tana iya zuwa da kulorin, gara a bar ta cikin gorar roba a rufe. Haka ruwan rijiya ko burtsatse da wasu ke cewa a canza da shi don yana da sanyi: sau da yawa oksijin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai, tunda a ƙarƙashin ƙasa ya kwana. Sai an sheƙa shi daga bokiti zuwa bokiti sau da yawa kafin ya zama na kifi.

In ka cire famfo da batir, me tankin Amurkawan yake yi? Yana haɗa kifin da ruwan tafki ne kawai. To ai wannan tsofaffin masunta sun riga su. Kwando mai murfi, ko bokitin fenti da aka huda da ƙusa mai zafi, a ɗaura a gefen kwale-kwale ya nutse, ruwa na shiga yana fita da kansa. Ko sisi ba ka kashe ba. Ban ga bidiyo ko ɗaya da ya nuna wannan ba, ina jin don ba shi da abin sayarwa ne. Shi ma yana da sharaɗi fa. Kada ka ɗaure shi a bakin gaɓa inda ruwa bai kai gwiwa ba da tsakar rana, nan ne ya fi zafi. Kuma a wurin da ciyawa da gansakuka suka yi yawa, oksijin yana kaiwa ƙarshen ƙarancinsa ne da asuba, bayan tsirran sun kwana suna ci ba sa bayarwa. Kwandon da ya kwana a irin wannan lungu, da safe gawa za ka ɗaga.

Idan tafiyar ta ƙasa ce, a kan babur ko a mota, ka tuna da randa. Ruwan da ke tsatsowa yana bushewa shi ke tafiya da zafi, dabarar da Mohammed Bah Abba ya gina tukunya-cikin-tukunyarsa a kai har ya samu kyautar Rolex a 2000. Jiƙaƙƙen buhu a jikin bokiti, a inuwa, cikin busasshiyar iskar bazararmu, yana yin irin wannan aikin. Ka rage yawan kifin, ka fita da sassafe, ka tsame duk wanda ya mutu nan da nan.

Na zayyana wa kawu duk wannan a ƙofar gida bayan magariba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce kwandon ai babansa ma haka yake yi, shi ne dai ya ga kamar an ci gaba. Washegari na ga ya ɗauko bokitin fenti da ƙusa ya nufi murhu. Manjan ne kawai ya ce zai ci gaba da ɗigawa in tarwaɗa ce, kuma ban yi masa musu ba.