Kiɗan Rawa da Na'ura: Sharhi a Kan Fitattun Faya-fayan Shekarar 1977

1.0 Gabatarwa

Al'ada ce ta masu sha'awar kiɗa a ƙasashen Turai da Amurka, idan shekara ta zo ƙarshe, kowa ya zauna ya jera faya-fayan da suka fi burge shi a cikinta. Galibi a kan yi wannan jeri ne ba tare da kawo hujja ba, sai dai mutum ya ce wannan ya yi masa daɗi, wancan kuwa bai yi ba. A wannan takarda mun ari wannan al'ada, amma mun ɗora wa kanmu sharaɗin cewa duk faifan da muka ɗaga ko muka sauke, tilas ne mu faɗi dalili. Shekarar da muka zaɓa ita ce 1977, domin a cikinta ne kiɗan rawa na disko da kiɗan na'urar lantarki, waɗanda a da kowanne ke bin hanyarsa, suka haɗu a faifai ɗaya.

Wani zai iya tambaya, mene ne haɗin manazarcin Hausa da wannan batu? Amsar ita ce, nazarin waƙa da mu ke koyarwa a kwalejojinmu an gina shi ne a kan kalmomi, watau jigo da salo da zubi da tsari. Amma yawancin waƙoƙin da ɗalibanmu ke saurare a yau, na fina-finai da na biki, kiɗansu daga fiyano da kwamfuta ya ke fitowa. Idan ɗalibi ya tambayi malami yadda za a auna irin wannan kiɗa, sai malamin ya la'ance shi ko kuma ya yi shiru. Komawa ga tushen abin zai taimaka mana mu sami abin cewa.

2.0 Ma'aunin da Muka Ɗauka

Mun auna kowane faifai da abubuwa huɗu. Na farko, ko kiɗansa yana ta da ƙafa, tun da don rawa aka yi shi. Na biyu, ko ya zo da wani amo ko wata dabara da ba a saba da ita ba. Na uku, ko waƙoƙin cikinsa sun riƙe juna har sun zama aiki guda, ko kuwa tarkace ne aka haɗa. Na huɗu, abin da ya haifa bayansa. Mun bar faifan Oxygène na Jean-Michel Jarre, duk da shahararsa, saboda a watan Disamba na 1976 ya fara fitowa a Faransa, kuma kiɗan saurare ne fiye da na rawa.

3.0 Faya-fayan

3.1 Trans-Europe Express

Ƙungiyar Kraftwerk ta birnin Dusaldof a Jamus ta Yamma ce ta fitar da wannan faifai a watan Maris. Jagororinta su ne Ralf Hütter da Florian Schneider, tare da Karl Bartos da Wolfgang Flür. Sunan faifan na wasu jiragen ƙasa ne masu sauri da suka fara haɗa manyan biranen Turai a 1957, kuma tafiya a cikin irinsu ita ce jigon aikin.

Abin lura a nan shi ne yadda kiɗan da kansa ya ɗauki jigon. Kalmomin waƙar da ta ba faifan suna kaɗan ne, ambaton birane ne da mutanen da aka gamu da su. Amma bugun da ke ƙarƙashinta kwaikwayo ne na ƙarar ƙafafun jirgi a kan dogo, kuma daga nan ta zarce cikin wani kiɗa na karon ƙarfe da ƙarfe ba tare da tsayawa ba. Wanda bai ji Jamusanci ko Ingilishi ba zai gane cewa a cikin jirgi ya ke. An sami wannan daidaito ne da wata na'urar jera amo da aka ƙera musu, wadda ke maimaita zubin da aka ɗora mata ba gajiya ba kuskure.

Aibin faifan shi ne sanyi. Muryoyin a bushe su ke da gangan, kuma wasu sassansa, kamar wanda aka sa wa sunan Franz Schubert, ba su da abin da zai motsa mai rawa. Sai dai kuma, abin mamaki, matasan baƙaƙen fata na birnin Niyok su ne suka fi kowa rungumarsa. A 1982 Afrika Bambaataa ya ɗauki karin wannan waƙa ya gina Planet Rock a kansa, kuma makaɗan Ditroyit irin su Juan Atkins da Derrick May, waɗanda suka assasa kiɗan tekno, ba su ɓoye bashin da Kraftwerk ke bin su ba.

3.2 I Remember Yesterday

Donna Summer haifaffiyar Bostan ce wadda aikin wasan kwaikwayo ya kai Jamus, inda ta haɗu da Giorgio Moroder da Pete Bellotte a birnin Miyunik. A watan Mayu suka fitar da wannan faifai. Tsarinsa shi ne a kwaikwayi salon kiɗan wasu zamunna da suka wuce, kamar shekarun 1940 da 1950 da 1960, sa'an nan a rufe da waƙa ɗaya da za ta nuna yadda kiɗan gobe zai kasance. Wannan waƙa ta ƙarshe ita ce I Feel Love.

Kafin ta, kiɗan disko ya dogara ne da taron makaɗa: masu goge irin na Turawa, da masu busa, da masu jita. A nan kuwa kusan kome daga na'urar Moog ya fito. Da taimakon injiniya Robbie Wedel aka ɗaure na'urar da wani bugu na awo da aka riga aka ɗauka a tef, yadda kowane sashe zai faɗo daidai kan ɗan'uwansa. Aka kuma sa amon ƙasa yana amsa kansa, ana jin na asali a kunne ɗaya, amsa-kuwwarsa a ɗaya kunnen, har ya zama kamar ninki biyu ya ke gudu. Babbar ganga ce na'urar ta kasa bayarwa yadda a ke so, don haka Keith Forsey ya buga ta. A saman wannan duka sai muryar Donna Summer, siririya, tana jan kalmomi 'yan kaɗan a hankali. Daɗin waƙar yana cikin wannan saɓani ne tsakanin gaggawar na'ura da natsuwar murya. Ta hau matsayi na ɗaya a Ingila a watan Yuli na shekarar.

Amma fa idan aka cire wannan waƙa, sauran faifan kwaikwayo ne mai tsabta wanda bai wuce na sa'o'insa ba. A ma'auninmu na uku ya yi rauni ƙwarai. Waƙa ɗaya ce ta goya shi, ko da ya ke goyon ya kai shi nesa.

3.3 Supernature da Chic

Marc Cerrone Bafaranshe ne, kuma asalinsa mai kiɗan ganga ne. A faifansa na uku, Supernature, ya riƙe gangarsa a hannu, ya kewaye ta da amon na'ura. Waƙar farko ta kai kusan minti goma, kuma jigonta gargaɗi ne game da magungunan da a ke zuba wa gonaki, waɗanda a cikin labarin suka rikiɗa halittu har suka juyo kan ɗan Adam. Wannan ya isa ya ƙaryata masu cewa kiɗan rawa ba ya ɗaukar magana mai nauyi.

Faifan farko na ƙungiyar Chic kuwa, wanda ya fito a watan Nuwamba, mun kawo shi ne domin kwatanci. Nile Rodgers a kan jita, Bernard Edwards a kan jitar bes, da Tony Thompson a kan ganga, hannu ne zalla, amma sun ƙulle da juna har sun kusa kamo daidaiton na'ura. Wajen ta da ƙafa babu wanda ya fi shi a cikin biyar ɗin nan. Sai dai aikin 'yan fari ne, gwanintarsu ta fi bayyana a faya-fayan da suka biyo baya.

3.4 Saturday Night Fever

Wannan shi ne faifan da ya fi sauran kasuwa. Kiɗan wani fim ne da John Travolta ya fito a ciki, ya shafe mako 24 yana kan gaba a jerin cinikin faya-fayai na Amurka, ya kuma sami lambar Grammy ta faifan shekara a 1979. Duk da haka mun sa shi a ƙarshe. Dalili shi ne, tari ne na waƙoƙin Bee Gees da na wasu ƙungiyoyi, har da waɗanda suka riga suka fito a baya. Har wa yau, disko ya tashi ne a gidajen rawa na baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da wasu rukunonin da aka mayar saniyar ware, sai fim ɗin ya sa masa wata fuska dabam ya kai shi kasuwa. Cikar kasuwar nan ta taimaka wajen jawo ƙyamar da ta kai ga tarwatsa tarin faya-fayan disko a wani filin wasa a Shikago ranar 12 ga Yuli, 1979.

Abu ɗaya a cikinsa ya cancanci nazari. Sa'ad da a ke ɗaukar Stayin' Alive a Faransa, mai gangar ƙungiyar, Dennis Bryon, ya tafi gida saboda rasuwa. Sai aka yanko ɗan guntun bugunsa daga tef ɗin Night Fever, aka haɗa bakinsa da bakinsa, aka bar shi yana zagayawa. Ke nan ko a faifan da a ke ɗauka na hannu ne, maimaicin inji ne ke riƙe da ƙugun shahararriyar waƙarsa.

Jerinmu ke nan: Trans-Europe Express na ɗaya, I Remember Yesterday na biyu, Supernature na uku, Chic na huɗu, Saturday Night Fever na biyar.

4.0 Sukar da A ke Yi wa Wannan Kiɗa

Suka iri biyu a ke yawan yi. Ta farko ita ce wai maimaici ya yi masa yawa. Bai kamata wannan ta sami karɓuwa a wurin manazarcin Hausa ba. Gangar noma, da luguden mata a turmi, da kiɗan ƙwarya, duk a kan maimaici aka gina su, kuma amshin Alhaji Mamman Shata ya kan dawo sau da yawa a waƙa ɗaya ba wanda ya ce ya gaji. Abin tambaya shi ne me a ke sauyawa a kan zubin da ke dawowa, kuma a wane lokaci. A I Feel Love, alal misali, zubin ƙasa ɗaya ne, amma ana ɗaga shi ana sauke shi, ana ƙara murya a kan murya. Wanda ya iya jin wannan a kiɗan kalangu zai iya jin sa a nan.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma mun yarda da rabinta. Makaɗin kalangu a dandali idonsa na kan mai rawa. Idan ta yi sauri ya bi ta, idan wani ya shigo ya matsa tsarkiya ya kira takensa, domin kalangu na bin hawa da saukar muryar Hausa har ya yi magana. Na'urar jera amo ba ta ganin kowa, kuma ba ta kiran sunan kowa. Wannan rashi ne na gaske. Amma aikin kallon fage bai mutu ba, hannu ya sauya. Ya koma ga mai sauya faya-fayai a gidan rawa, wanda ke duban jama'a ya san abin da zai ɗora da lokacin da zai ɗora shi. A wannan shekara ta 1977 ne Frankie Knuckles ya fara irin wannan aiki a gidan rawa na Warehouse a Shikago, inda kiɗan haus ya samo sunansa. Saboda haka wanda ya auna faifan rawa shi kaɗai, ba tare da fagen da a ke sa shi ba, rabin aikin ya auna.

5.0 Afirka ta Yamma

Kada a ɗauka wannan yanki namu ɗan kallo ne kawai a lokacin. A 1977 William Onyeabor ya fitar da faifansa na farko a Inugu, daga baya ya zama gwani wajen sarrafa irin waɗannan na'urori. A 1978 kuma Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa a gidan rediyon Nijar da ke Yamai, da wata molon lantarki mai madannai ƙirar Italiya, yana zuba karin waƙoƙin gargajiya a cikinta. Kaset kaɗan aka buga, amma mutanen Nijar sun daɗe suna jin kiɗan a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Sai a 2013 kamfanonin ƙetare suka sake fito da ayyukan mutanen nan biyu ga duniya. Abin takaici ne a ce wasu ne daga nesa suka riga mu waiwayar su.

6.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa za a iya auna kiɗan na'ura da hujja, kuma yawan ciniki dabam ya ke da inganci, tun da faifan da ya fi kasuwa shi ya zo ƙarshe a jerinmu. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma muna ganin haka ya kamata nazari ya yi. Shawararmu ga sassan Hausa na kwalejojin ilimi ita ce, a ƙara wa darasin waƙar baka wani sashe na nazarin amo, inda ɗalibi zai koyi rarrabe zubin da ke dawowa da abin da ke sauyawa a kansa, ya kuma bincika ko karin fiyano yana bin karin harshe ko yana murɗe shi. Za a iya fara wannan da kwatanta waƙa ɗaya ta kalangu da waƙa ɗaya ta fim a aji guda.